Kada a kai tsofaffin katunan wasa shagon laminetin

Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili mu ja hankalin matasan Kano masu sha'awar tara katunan 'yan wasa, musamman na besbol ɗin Amurka. A can dattawa ke rububin su don suna tuna musu da ƙuruciya, har a 2022 aka sayar da katin shahararren ɗan wasan besbol Mickey Mantle, bugun kamfanin Topps na 1952, kan dala miliyan 12.6. Lafiyar kati ita ce kuɗinsa. Kamfanin PSA, mai tantance katuna, yana ba da maki daga 1 zuwa 10, bayan ya duba kusurwoyi, gefuna, fuskar katin da yadda hoton ya zauna a tsakiya.

Babbar ɓarnar da ake yi a nan ita ce laminetin, kamar dai takardar makaranta. Zafin injin yana manne robar da tawada, ba ta ƙara ɓaruwa, kuma masu saye ba sa ko kallon irin wannan. Robar ɗaure kuɗi ma tana cin gefuna.

A sa kowane kati cikin leda mai laushi wadda ba a yi ta da nau'in robar PVC ba, sannan a zura shi gidan roba mai tauri. Tun 1957 girman katin da aka saba shi ne inci 2.5 da 3.5, sai a nemi daidai da shi. A jera su a tsaye cikin akwati, nesa da ƙasa saboda gara, nesa da rufin kwano saboda zafin bazara yana lanƙwasa su. Da damina a jefa ƙunshin silika biyu, irin na cikin kwalin sabon takalmi. Ƙurar hunturu kuwa da burushi mai laushi ake kaɗe ta, tsumma yana karce hoton.

Naku,
Wasu masu tara katuna,
Fagge, Kano.