Awa guda kuna maganar 'yan mata, ba mace ko ɗaya a ɗakin

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da ma'aikatanka, na rubuto ne a kan shirinku na rediyo na daren Laraba, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Awa guda cur kuka yi kuna tattauna ko ya dace makarantar nan ta maza ta Katolika da ke Kano ta fara ɗaukar 'yan mata, maza uku zaune da mai gabatarwa na huɗu, ba mace ko ɗaya. Sau bakwai na kira layinku ban samu shiga ba, waɗanda suka samu kuwa duk maza ne.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne maganar tsohon ɗalibin nan, da ya ce duk ranar da mace ta taka ƙofar makarantar to tarbiyya ta mutu, wai mata za su ɗauke wa samari hankali, sakamakon WAEC ya zube. Mai gabatarwa bai ce masa uffan ba, sai ma "haka ne, Alhaji". Wace yarinya yake nufi? Tawa tana gefena tana tsince min shinkafa lokacin da ya faɗi haka, na ga yadda ta sunkuyar da kai.

Ni Musulma ce, a Birged nake zaune, kuma 'ya'yana maza biyu makarantar nan mahaifinsu ya kai su. Babban ya gama, ƙaramin yana aji biyu. Don karatu da horo muka kai su, mun kuwa samu, ba wanda ya taɓa musu addini. Ita macen da ke tsakaninsu tana aji uku a wata makaranta can nesa, adaidaita sahu biyu zuwa, biyu dawowa, kullum ta Allah. A ajinsu wasu a ƙasa suke zama. Likita take son zama tun tana ƙarama, amma har yau ba ta taɓa shiga ɗakin gwaje-gwaje ba, sai dai ƙaninta ya dawo ya ba ta labarin abin da suka haɗa a kwalba, ta yi ta tambayarsa wane launi ya koma. Kuma wallahi ita ce take zaunar da shi bayan sallar isha'i ta koya masa lissafi. Littattafan da yayansu ya bari duk ta cinye su. To wannan yarinyar ce za ta zubar da sakamakon jarrabawa? Idan yaro bai iya riƙe idonsa a kan allo ba don yarinya na zaune a layin gefe, laifin wanda ya tarbiyyantar da shi ne, kada a ɗora wa 'yar mutane.

Ɗaya baƙon naku ya ce ai mata suna da St. Louis, me kuma suke nema. E, tana nan a Bompai, kuma duk Kano an san aikin da sistocin Katolikan da suka kafa ta suka yi tun zuwansu daga ƙasar Ailan a 1948, Musulmi da Kirista sun ci moriyarta. Amma makaranta ɗaya mutum nawa za ta ɗauka a gari kamar Kano? Kullum haka ake mana, a fara da maza, mata su jira. Kwalejin Rumfa tun 1927 take, ta maza. Da gwamnati ta tashi buɗe makarantun kimiyya a 1977, Dawakin Tofa da Dawakin Kudu aka fara, duka na maza, sai daga baya aka yi ta mata a Taura, ita ma ta tafi da Jigawa a 1991. Ni kaina daga aji shida na firamare aka cire ni, aka kai yayana sakandare, ni ce mai wanke masa kayan makaranta in ya zo hutu. Abin bai bar raina ba har yau, shi ya sa ba zan yi shiru a yi wa 'yata haka ba.

Ba wai ba ni da damuwa ba ne. Ina da ita, kuma da kun sa uwa a shirin da ta yi tambayoyin da suka kamata. An gina wa yaran banɗakinsu daban, mai ƙofa da ruwa? Malamai mata nawa aka ɗauka, don yarinya ta samu wadda za ta gaya wa matsalarta in al'ada ta zo mata a aji? Yaya kayan makarantar za su kasance, 'ya'yanmu za su sa hijabi? Wa zai tsaya a bakin ƙofa in an tashi? Waɗannan ne ke hana uwa barci, amma ko ɗaya ba a tambayi Fadan (limamin Katolika) da kuka kira ta waya ba, kuka bar shi yana ta kare kansa a kan tarihin makaranta da kofunan ƙwallo. Ku sake shirin nan, Edita, ku gayyato uwa da malama, ku bar layi a buɗe mata su yi magana.

Sannan don girman Allah ku dubi tallan masu maganin gargajiya da kuke sakawa tsakiyar shirye-shirye. A daren nan sau uku aka katse magana aka sako mai maganin ƙarfin maza yana faɗin kalaman da ba zan iya rubutawa ba, ga ni ga yarana, ga surukata a zaune. Sai da na tashi na rage muryar rediyon, har wani ɓangare na bayanin Fadan ya wuce ni. In ba za ku daina ba, ku mayar da su bayan ƙarfe goma sha ɗaya na dare.

Taku mai saurare a kullum,
Wata uwa daga Birged, Kano