Zuwa ga ɗalibar da ta tambaya ko awon ganye yana da sauran amfani

Assalamu alaikum, ƙanwarmu.

A wurin taron ƙara wa juna sani kin miƙe gaban jama'a kin yi mana tambaya, lokaci kuma bai ba mu damar amsa ta yadda ya kamata ba. Kin ce kina son ki zama mai bincike kan siffofin tsirrai da yawan jinsunan halittu, amma kin ji rumbunan bayanai sun cika da awon da wasu suka riga suka yi, don haka me zai sa ki ƙare ƙuruciyarki kina tsinkar ganye kina ɗorawa a sikeli, bayan kwamfuta za ta ba ki komai?

Amsarmu ita ce ki koyi awon, ki kuma iya shi sosai, ko da daga baya a gaban kwamfuta za ki ƙarasa aikinki.

Rumbun da kike nufi shi ne TRY, wanda aka fara a 2007, yake kuma zaune a cibiyar Max Planck da ke birnin Jena a Jamus. A rahoton 2020 yana ɗauke da bayanai kusan miliyan 12. Adadin yana da ban tsoro, amma idan kika nemi siffa guda ga jinsunan fili guda, sai ki tarar da guraben da babu komai sun fi yawa. Sanin cewa tsiro bishiya ne ko ciyawa, wannan akwai shi ga kusan kowane jinsi. Awon saiwa kuwa ƙalilan ne, yankuna masu zafi an bar su a baya, sannan jinsi guda yakan samu lamba ɗaya tak da aka auna a wata nahiya. Bitar da aka wallafa a 2015 ta nuna kusan kashi ɗaya cikin huɗu na bambancin siffofi a cikin al'ummar tsirrai guda yana tsakanin 'ya'yan jinsi ɗaya ne. Lambar aro ba ta iya nuna miki wannan.

Me ya sa ake awon tun farko? Domin sunan tsiro bai faɗin yadda yake rayuwa. A 2004 Ian Wright da abokan aikinsa suka haɗa jinsuna 2,548 daga wurare 175, suka ga ganyayen duniya sun jeru bisa layi guda: a wannan gefe siraran ganye masu yawan naitirojin, masu saurin haɗa abinci da saurin mutuwa, a wancan gefe kuma masu kauri da tauri, masu aiki a hankali amma su daɗe. A 2016 Sandra Díaz ta Ajantina da tawagarta suka duba siffofi shida a jinsuna sama da 46,000, wato tsayi, nauyin kara gwargwadon girmansa, faɗin ganye, nauyin ganye gwargwadon faɗinsa, naitirojin da nauyin iri, suka tarar kusan kashi uku cikin huɗu na bambancin ya tattaru a fuska biyu kawai: girman tsiro, da wancan layi na ganye. Duk wannan gini ya tsaya ne a kan mutanen da suka auna ganye bisa ƙa'ida ɗaya.

To ga yadda ake auna SLA, wato faɗin ganye a raba da nauyinsa bayan ya bushe, don ki ga inda ake zamewa.

Ki fara da zaɓen jinsuna. Ki ƙiyasta yawan ƙasar da kowane jinsi ya rufe a filinki, ki jera su daga babba zuwa ƙarami, ki auna har sai kin haɗa waɗanda suka rufe aƙalla kashi 80 cikin ɗari. Daga kowane jinsi ki nemi tsirrai aƙalla biyar, manya, masu lafiya, masu tazara da juna, idan da hali goma ya fi. Ganye hamsin daga bishiya ɗaya, a wurin lissafi, bishiya ɗaya ce. Wannan kuskuren ya sa an mayar wa ɗalibai da yawa da takardunsu. Ki tsinki ganyen da ya gama buɗewa, wanda rana take bugawa sosai, babu cizon ƙwari, babu tabon cuta. Ganyen inuwa ya fi faɗi da sirantaka a bishiya guda, idan kika gauraya su da na rana lambarki za ta hau sama ba tare da wani dalili na jinsin ba.

Ki yanko da ɗan reshensa, ki naɗe da takarda mai laima, ki sa a leda ki ɗaure, ki ajiye a kula mai sanyi. Rubutun lakabi da fensir, domin tawada tana narkewa a laima. Da kin isa ɗakin gwaji ki sake datse gindin reshen a cikin ruwa, ki bar shi ya sha a wuri mai duhu da sanyi na awa shida ko kwana guda. Ganyen da ya yi yaushi yana tsukewa, faɗinsa ya ragu, nauyinsa na ɗanye ma ya zama ƙarya. Bayan nan ki goge ruwan jikinsa, ki auna nauyin ɗanyen, ki shimfiɗa shi a sikana tare da rula a gefe, ki lissafa faɗin da manhajar ImageJ. Wanda ya manta rula ya ɗauki hoto ne kawai. Sai a sa a ambulan na takarda, ba leda ba, a busar a maki 70 na Salshiyas tsawon awa 72, ko maki 80 tsawon awa 48. Busasshen ganye yana jan laimar iska da zarar ya fito, saboda haka ki bar shi ya huce a rufaffen mazubi mai silika, wato sinadarin da ke shanye laima, ki auna nan take. Ƙananan ganye suna bukatar sikeli mai kama kashi ɗaya cikin goma na miligiram, in babu sai ki haɗa ganyen tsiro guda ki auna tare.

Tun kafin ki fara, ki yanke ko za ki haɗa da ɗan karan da ke riƙe ganye a reshe ko za ki cire shi, ki rubuta, kada ki sauya a tsakiyar aiki. Ma'auni ma haka. Ganye mai faɗin murabba'in milimita 2,000 da nauyin miligiram 100 yana da SLA 20 a murabba'in milimita bisa miligiram. Shi ɗin ne dai 200 idan aka rubuta da murabba'in santimita bisa giram. Mai haɗa teburan mutane daban-daban ba tare da duba wannan ba zai ga jinsin da ya ninka 'yan'uwansa sau goma, ya yi zaton ya gano wani abin mamaki. Wanda hannunsa ya taɓa aikin yana ganin lambar zai san akwai matsala, kuma dalilinmu ke nan na cewa ki koya. Idan itace za ki auna, zafin busarwa ya haura maki 100 kaɗan ne, a raba nauyin da girman ɗanyen guntun, wanda ake samu ta hanyar nutsar da shi a ruwa a kan sikeli.

Daga ganye sai a koma ga fili. A 1998 Philip Grime ya kawo hujjar cewa jinsunan da suka fi rinjaye su suka fi juya aikin fili, shi ya sa ake ba kowane jinsi nauyi daidai yawansa. Idan ɗaya ya rufe kashi 70 da SLA 10, ɗayan ya rufe kashi 30 da SLA 30, matsakaicin fili 16 ne, ba 20 ba. Amma masu ƙarancin yawa ba na zubarwa ba ne. Gwajin David Tilman a Cedar Creek ta Minasota, wanda aka shuka a 1994 da jinsi 1, 2, 4, 8 da 16 a fili-fili, da gwajin Jena na 2002 mai kaiwa jinsi 60, sun nuna filaye masu jinsuna da yawa sun fi yabanya. Dalilin na iya zama jinsunan suna cike wa juna gurbi, kamar dangin wake da ke ƙara naitirojin ga ciyayi, ko kuwa dai cikin taron an dace da gwarzo ɗaya. Ba za ki iya raba biyun ba sai kin shuka kowane jinsi shi kaɗai a nasa filin. Kowa ya bar wannan don tsimin kuɗi, ya yi tsimin da zai ci masa binciken.

Game da hanyar aikin kuwa, ba mu ɓoye miki ba: bayan digirin farko da na biyu akwai na uku mai cin shekara uku zuwa biyar, sannan yawanci kwantiragin bincike na shekara biyu ko uku kafin a samu kujera mai ɗorewa, kuma masu nema sun fi kujerun yawa. Hukumomin gandun daji, masu farfaɗo da ƙasar da ta lalace da ma'adanan busassun tsirrai duk suna ɗaukar masu wannan ilimi. Lissafin ƙididdiga da manhajar R dole ne, ki fara su tun yanzu tare da awon. Sanin tsirrai da sunayensu na kimiyya shi ne abin da ya fi wuyar samu a tsakanin matasa, kuma sunan da aka ba tsiro bisa kuskure babu lissafin da zai gyara shi. Don haka ki matse samfurin kowane jinsi, da fure ko 'ya'ya in akwai, ki ajiye a ma'adana da lambarsa, ki kuma tantance sunan da kundin intanet na Kew, lambun binciken tsirrai da ke Landan, saboda sunaye suna sauyawa. Kafin ki tsinki komai a gandun da aka killace ki nemi izini a rubuce, fitar da samfuri zuwa wata ƙasa kuma yana ƙarƙashin yarjejeniyar ƙasa da ƙasa ta Nagoya da ta fara aiki a 2014.

In kina neman inda za ki sa ƙafa, ki zaɓi wurare biyu da suka bambanta a abu ɗaya, misali gangare mai tsakuwa da kwarin da ke ƙasansa, ki rubuta abin da kike tsammani kafin ki fita, ki auna siffofi uku kawai: tsayi, SLA da nauyin iri. Kowane layi a teburinki ya zama tsiro ɗaya, da ranarsa, da lambobin wurinsa na GPS, da ma'aunin da kika yi amfani da shi. Idan kin gama ki aika wa TRY.

Wassalam,
Yayyenki a wannan fage