Kada Ka Bar Ta Ita Kaɗai

Babana,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da mai jego da jaririya. Ƙanwarka ta dawo daga wurinku jiya tana ɓoye-ɓoye, sai da na matsa mata ta buɗe baki. Ta ce ta tarar da matarka zaune a bakin katifa, yarinya na tsala kuka a gefenta, ita kuwa ta kafe bango da ido. Abin da ka bar mata tun safe yana nan a rufe har la'asar. Ta kuma ce ka hana ta zuwa zaman da ma'aikatan lafiya ke yi wa masu jego, wai kada unguwa ta ce matarka ta taɓu.

Daga bakinka wannan magana ta fito? Kai da ka tashi kana ganina da jakar aiki ina bin gidajen masu haihuwa?

To, saurara. Kukan babu dalili a kwanakin farko, mata da yawa suna yin sa, domin sinadaran jiki da suka hau lokacin ciki suna faɗuwa ne gaba ɗaya bayan haihuwa, kuma cikin mako 2 yake wucewa. Nata ya kai wata 2. Wannan ciwon damuwa ne na bayan haihuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ƙasashe masu tasowa kusan mace 1 cikin 5 tana shiga irin wannan hali bayan ta haihu. Balle ku da ke ɗaki guda na haya, ga rashin barci, ga lissafin abin da za a ci gobe, ga maƙwabta birjik amma babu wanda ya san cikinta.

Zaman nan da kake gudu, magana ce kawai. Za su gaya mata ciwon yana da suna kuma yana warkewa. Za su koya mata ta kama tunanin nan na "ni ba uwar kirki ba ce" ta auna shi da abin da take yi wa ɗiyarta kullum. A ƙauyukan Rawalpindi ta Pakistan an gwada haka da ma'aikatan lafiya mata na unguwa. Sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna bayan wata 6, kashi 23 cikin 100 na matan da aka koyar ne kawai ciwon bai sake su ba, waɗanda ba su samu wannan koyarwa ba kuwa kashi 53.

Amma abin da ke hana ni barci shi ne sa'o'in nan daga fitarka da asuba zuwa dawowarka. Na taɓa shiga wani gida amma na makara, Babana. Mijin ya yi ta ce mini, "Ai ba ta faɗa mini komai ba." Bai taɓa tambayarta ba. Kai ka tambaye ta yau, kai tsaye: tana tunanin cutar da kanta ko yarinyar? Idan ta ce e, ko ka ga tana jin muryoyi, asibiti a daren nan, kada ka jira gari ya waye.

Na san kana riƙe da ni cewa na kula da 'ya'yan mutane na bar ku da kakarku. Da aikin nan na ciyar da ku, ba zan nemi gafara a kansa ba. Na kuma san kana fama, kana dawowa a gajiye, kana son ta.

Ina nan tafe ranar Asabar, zan kwana biyu a wurinku. Yarinyar tawa ce da daddare, uwar ta samu ta runtsa. Ranar zaman kuwa kai za ka raka ta.

Mahaifiyarka