Baba na so in fara zana wa mutane bene, ni kuma ba ni da lasisi

Assalamu alaikum Malam. Allah ya ƙara basira, ya saka da alheri kan wannan fili.

Ni ɗalibi ne a aji huɗu, ina karanta zanen gine-gine a wata jami'a a nan Arewa. Mahaifina birkila ne, da cokalin gini ya ciyar da mu, da shi kuma ya biya kuɗin karatuna. Karatun nan kuwa yana cin kuɗi: takardun zane, kwali da gam na haɗa samfurin gini, kuɗin buga manyan zanuka, ga kwamfutar da za ta iya ɗaukar manhajojin zane na AutoCAD da Revit. Sai da Baba ya sayar da babur ɗinsa aka saya mini ita. Muna kwana a situdiyo, gari ya waye mu kafe zanen a bango gaban malamai, mutum ya yi makonni yana aiki a rushe masa shi da tambaya ɗaya: ta ina iska za ta shiga ɗakin nan? Duk da haka ina son karatun, ba don dole nake yinsa ba.

Abin da Baba bai yarda da shi ba shi ne shekara huɗun nan ba su isa ba. A Najeriya sai mutum ya ƙara digiri na biyu na shekara biyu, ya yi bautar ƙasa, ya yi aiki ƙarƙashin wanda ya ƙware, ya ci jarrabawar ƙwararru, sannan hukumar ARCON mai kula da masu zanen gine-gine, wadda dokar 1969 ta kafa, ta yi masa rajista ta ba shi hatimi. Kafin nan ba ni da ikon sa hannu a kan zanen da za a kai neman izinin gini. Na yi masa wannan bayani, ya ce shi da bai shiga aji ba ya gina gidajen da ba su ƙirguwa, kuma babu wanda ya faɗi.

Gaskiyarsa ce, babu wanda ya faɗi. Amma yanzu wani Alhaji da yake yi wa aiki yana son bene hawa uku, shaguna a ƙasa, kuma Baba ya riga ya ce masa ɗansa zai zana. Alhajin ba ya son biyan injiniyan da zai lissafa rodi da kaurin ginshiƙai, ya ce a kwaikwayi na maƙwabcinsa kawai. Malam, wannan lissafi ba aikina ba ne ko da na gama, na injiniya mai rajista ne, kuma ba a san irin ƙasar filin ba tunda ba a gwada ta ba. Idan benen ya rufto, a kan mutane zai rufto.

Akwai kuma wani abu da ke tsakaninmu. Aikina na kammalawa a kan ginin ƙasa nake yinsa: tubali, azara, makuba, da irin bakan gizon da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya ɗaura a Masallacin Juma'a na Zariya tun wajen shekarun 1830. Katangar ƙasa mai kauri tana riƙe sanyi da rana, abin da bulo da kwano ba sa yi a watan Afrilu. Da Baba ya ga zanen sai ya yi shiru, can ya ce, wato laka da ya gudo ya bari ita aka tura ni jami'a in koyo? Maganar ta yi mini zafi, domin rabin abin da na rubuta daga bakinsa na ji shi ina yaro, kakana magini ne.

Mahaifiyata ta ce in yi masa biyayya, albarka ta fi takarda. Ƙannena huɗu suna makaranta, ƙarfin Baba kuma ya fara raguwa, na san kuɗin Alhajin zai rage masa nauyi.

Malam, yaya zan ƙi wannan aiki ba tare da na kunyata mahaifina a gaban mai ba shi aiki ba? Shin ya dace in nemi wani malamina mai lasisi ya karɓi aikin ni in yi a ƙarƙashinsa, ko da Alhajin zai ga tsada ya fasa? Sannan digiri na biyun, in dage in yi shi yanzu, ko in fara neman abin da zan tallafa wa gida tukuna?

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Ɗalibinka, daga Katsina