Wasiƙa kan lagwanin kyandir

Assalamu alaikum, abokina.

Na san kana riƙe da ni kan shirun da na yi, amma kai ma wata uku ke nan ba ka ce uffan ba, don haka mun yi kunnen doki. Ya iyali? Ya ƙafar Baba, ta saki kuwa?

Ka tuna kyandir ɗin kitse da na ce zan haɗa, kai da mutuminka kuka yi ta dariya? To na haɗa, ya kuma kama. Sai dai hayaƙi da ƙauri, kuma kafin wani lokaci lagwanin ya yi tsawo ya yi baƙi, haske ya dushe, sai an sa almakashi an datse. Da na bi tarihin abin, ashe haka mutane suka yi ta fama ɗaruruwan shekaru. Tun zamanin Rumawa ake tsoma lagwani a narkakken kitse. A Turai kyandir ɗin kakin zuma, wanda ba ya wari, na coci ne da masu hali. Talaka kuwa kitse, ko karan ciyawar fadama da aka ɓare aka jiƙa da maiƙo. A Ingila har haraji aka ɗora wa kyandir a 1709, aka hana mutum yin nasa a gida ba tare da izini ba, ba a janye ba sai 1831. Wannan ya tsaya mini a rai, wallahi: mutum ya biya kafin ya ga fuskar 'ya'yansa da dare.

Af, an ce ƙanwarka ta sauka lafiya, kuma a bakin wasu na ji! Allah Ya raya. Wannan bashi ne a kanka.

Abin da ya fi burge ni shi ne maganin datsewar nan. Wajen 1825 wani Bafaranshe, Cambacérès, ya bar tufka lagwani ya koma kitsa shi. Kitsattsen lagwani da kansa yake lanƙwasawa, bakinsa ya leƙa gefen harshen wuta inda iska take, ya ƙone ya zama toka. Shi ke nan, almakashi ya huta. Ka duba ƙanƙantar dabarar, sannan ka tuna yawan dararen da aka kwashe ana tashi ana datsa. A shekarun nan ne kuma wani masanin sinadarai Bafaranshe, Chevreul, ya tace sinadari mai tauri daga kitse, kyandir ya rage wari. A 1834 Joseph Morgan ya ƙera inji a Manchester mai fitar da kyandir kusan 1,500 a awa ɗaya, daga baya kakin farafin da kananzir suka shigo.

Daren yau zan kitsa zare uku in sake gwadawa. In ya lanƙwasa, naka na nan tafe, kai da ka ce ba zai kama ba.

Ka gaida Hajiya da yaran, ka kuma rubuto.

Naka har kullum.