Takardar Koke Daga Jama'ar Wurno Kan Takwararmu, Garin Mai Wurno Na Ƙasar Sudan

Zuwa ga Mai Girma Sarkin Sudan na Wurno,
domin isarwa fadar Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Sakkwato.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Allah shi ba ka nasara, Allah shi ja zamaninka. Bayan gaisuwa da ban girma irin na 'ya'ya ga ubansu, mu dattawan unguwanni da malaman zaure da manoman fadama, har da iyayenmu mata da suka sa jikoki suka rubuta musu sunayensu, mun haɗa baki cikin wannan takarda. Yau ba rijiya muka zo roƙo ba, ba hanya ba, ba taki ba, ko da yake kowanne muna bukatarsa. Maganar suna ce ta kawo mu.

A ƙasar Sudan, a bakin reshen Kogin Nilu da Larabawa ke kira Nilul Azraƙ, kudu kaɗan da birnin Sinnar, akwai gari mai suna Mai Wurno. Ba mu isa mu koya wa fada tarihi ba, ranka shi daɗe, a fada muka ji shi. Amma matasanmu za su karanta wannan takarda a wayoyinsu, kuma mun gwada su mun ga da yawa ba su sani ba, shi ya sa za mu ɗan maimaita.

Wannan gari namu ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a nan ya zauna, a nan aka rufe shi a 1837. Saboda haka aka riƙa ce masa Mai Wurno. Kowa ya san al'adarmu ta alkunya: uwa ba ta iya buɗa baki ta kira sunan babba tsirara, sai a saya. In an sa wa yaro Usmanu sai a ce Shehu, in Abdullahi ne a ce Maikano, in kuwa Muhammadu Bello ne a ce Mai Wurno. To, Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya yana da ɗa mai wannan suna da wannan laƙabi. Ran 15 ga Maris 1903 Nasara suka ci Sakkwato. Attahiru ya ƙi zama ƙarƙashinsu, ya yi gabas da niyyar hijira, jama'a suka bi shi gari gari, wasu sun bar gona ba shuka, wasu sun bar tukunya bisa murhu. A Burmi, cikin ƙasar Gombe ta yau, aka yi karon ƙarshe ran 27 ga Yuli na shekarar, Sarkin Musulmi ya yi shahada. Ɗansa Mai Wurno ya ja waɗanda suka rage, suka ci gaba da tafiya har Allah ya sauke su bakin Nilu wajen 1906. Inda suka kafa bukkoki ya zama gari, garin ya ɗauki sunan mai shi.

A duba yadda sunan ya yi tafiya. Garinmu ya ba mutum suna, mutumin ya ba yaron gidansu, yaron ya goya shi a baya ya ƙetare Barno da Wadai da Darfur, ya dasa shi a wata ƙasa. Har yau zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin. Bayansu mahajjatan ƙasa, masu bin hanyar Fort Lamy da Abeshe da Fashir da Ubayyid a ƙafa ko a bayan jaki, da yawa nan suka ya da zango don neman guzuri. Wasu suka yi aikin madatsar ruwan Sinnar da aka gama a 1925, wasu suka shiga gonakin audugar Jazira, aure ya riƙe su, ba su dawo ba. Gidajen Wurno nawa ne ke da irin wannan kawu da ya tafi Makka ba a sake ganinsa ba? Mu kanmu da muka fara tambaya mun sha mamaki.

Mun san duniya cike take da garuruwa masu suna ɗaya, kuma ba kowace takwara ce 'yar'uwa ba. Akwai Gombe a Najeriya, akwai unguwar Gombe a Kinshasa, akwai dajin Gombe a Tanzaniya, ba abin da ya haɗa su sai faɗuwa da ta zo daidai da zama. Akwai filayen Kano a Kenya kusa da Kisumu, Bakano bai taɓa zuwa karɓar haraji can ba. Ko nan kusa, Illelarmu ta bakin iyaka tana da takwara a jihar Tawa ta Nijar, direbobi sun saba tambaya, "Wace Illelar?" Sarautarka ma, Allah shi ba ka nasara, ta sha rikita baƙi: Sudan ɗin da ke cikinta Biladus Sudan ce, ƙasar baƙar fata baki ɗaya yadda malaman da suka rubuta, ba Sudan ta Hartum ba. Amma ga shi Allah ya juya al'amari, yau Sarkin Sudan muke roƙo kan mutanen Sudan.

Wani ɗanmu da ya yi karatu waje ya ba mu labarin da ya tsaya mana a rai. Ya ce garuruwan duniya da ma'anar sunansu ita ce "sabon birni" sun haɗa zumunci tun 1998, da aka fara taronsu a Shinshiro ta Japan. Da Newcastle ta Ingila, da ta Afirka ta Kudu, da Neuchâtel ta Suwizalan, da Neuburg ta Jamus, suna ziyartar juna, suna musayar ɗalibai. Wani dattijo a cikinmu ya yi dariya ya ce to ai Sabon Birnin Gobir ma ya kamata a aika mata goron gayyata. Muka yi dariya, daga baya dariyar ta koma shiru. Waɗannan mutane ba kaka ɗaya ba, ba harshe ɗaya ba, ba alƙibla ɗaya ba. Fassarar suna kawai suka riƙe suka mai da ita igiya. Mu kuwa da ke da jini da kabari da wasiƙu a tsakani, ko gaisuwar salla ba mu aikawa da sunan gari.

A al'adarmu takwara na da hakki. Wanda aka yi wa takwara shi ke ɗinka wa yaron rigar salla, shi ke tambayar ya karatunsa, in ya yi rashin lafiya a ga ƙafarsa a gidan. Wurno aka yi wa takwara. Mu ke da nauyin.

Kuma yaron ba shi da lafiya. Tun 15 ga Afrilu 2023 ake yaƙi a Sudan. Wad Madani, babban birnin Jazira, ta faɗa hannun dakarun RSF masu yaƙi da sojojin gwamnati a Disamba na shekarar. A ƙarshen Yuni 2024 wutar ta kai Sinja, babban birnin jihar Sinnar, Mai Wurno kuwa tana tsakanin Sinja da Sinnar, kamar hatsi tsakanin dutsen niƙa da ɗansa. Mun ji daga baya sojoji sun karɓe Sinja da Wad Madani, amma wanda ya gudu ya bar gida ya san komawa ba kamar fita ba ce.

A wata unguwa tamu akwai tsohuwa da ke da wata 'yar adaka ta ƙarfe ƙarƙashin gado. Cikinta, naɗe a tsumman atamfa, akwai wasiƙar ajami da ƙanen mahaifinta ya aiko tun tana budurwa, takardar ta yi ja, wurin ninki ya tsage har an liƙe da ƙaro. Jikokin wancan kawu ne suka nemo jikanta a WhatsApp shekarun baya, suna aiko saƙon murya da wata Hausa irin ta kakanni, gauraye da Larabci, ita kuma a kanga mata waya a baki ta amsa. Daminar 2024 saƙon ya yanke. Da muka je neman sa hannunta, ba ta bari mun gama bayani ba ta ce, "Ni dai ku hwaɗa mini, garin nan shina nan ko an tashe shi?" Duk cikinmu aka rasa mai amsawa. Ta dangwala yatsa, ta mai da adakarta.

Akwai kuma saurayin da ya iso nan da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu, bayan doguwar wahala ta hanyar Chadi. Abin da ya riƙe kawai sunan kakansa da sunan unguwa, da su ya yi ta tambaya har aka kai shi ƙofar gidan. Dangi sun karɓe su, an share musu ɗaki. Amma da ya je wani ofis neman takardar shaida, ma'aikacin ya tambaye shi garin haihuwa, ya ce Mai Wurno. Ma'aikacin ya ɗago kai ya ce, "Ba mai garin na tambaye ka ba, garin na tambaye ka." Ya sake faɗa, aka yi masa dariya, aka ce ya je ya dawo. Ba mu zargi ma'aikacin ba, bai taɓa jin sunan ba ne, kuma wannan shi ne ciwon. Can ana ce wa yaron nan Fallata, sunan da mutanen Sudan ke kiran masu asali da ƙasashenmu na yamma, nan yara na ce masa ɗan Sudan. Da yamma yakan dafa gahawa da citta a ƙofar gida yadda suka saba can, ya zuba wa duk wanda ya zauna.

Abin da muke roƙo ba mai yawa ba ne. Babbansa shi ne wasiƙa. Muna so a rubuta da sunan Wurno, da hatimin fada, da Larabci da Hausa, zuwa ga Sarkin Mai Wurno da jama'arsa, a yi musu jaje, a tambayi halin da suke ciki da abin da suka fi bukata. In Mai Alfarma ya ga dacewar ya sa albarka a kai, ko ta fita da sunansa, to nauyinta ya wuce duk abin da za mu iya tarawa, domin waɗannan mutane saboda Sarkin Musulmi kakanninsu suka bar gida. Fadar Sakkwato tana da hanyoyin isar da saƙo da mu talakawa ba mu da su.

Sai kuma a umarci masu unguwanni su buɗe littafi, kowane gida da ke da dangi can ya zo ya faɗi sunan wanda ya tafi, da zamanin da ya tafi, da wanda aka sani cikin zuriyarsa. A hanzarta wannan, ranka shi daɗe, don masu riƙe da sunayen tsofaffi ne, kowace hunturu muna rasa wasu. Da littafin a hannu, in wani ya iso kamar saurayin nan, mai unguwa da dagaci za su iya ba shi takardar cewa an san asalinsa, ya je ofis da abin nunawa. Masu tsoffin wasiƙu kuma a ɗauki hotonsu a ajiye a fada, a bar musu na asali.

Game da taimako, mun san abin da za a ce, mu ma mun faɗa wa kanmu. Gabashin Sakkwato na cikin nata halin, muna da 'yan gudun hijirarmu daga ƙauyuka, wasu gonakin ba su nomuwa. Ba mu ce a ɗebe daga bakin waɗannan ba. Muna neman izini ne kawai na Juma'a ɗaya bayan an kwashe albasa da shinkafa, limamai su yi bayani, kowa ya ba da abin da ya sawwaƙa, a damƙa a hannun amintattun da fada ta zaɓa, a fara da waɗanda suka riga suka iso cikinmu. In hanya ta yi kyau wata rana, a tura mutum biyu ko uku su je su gano da ido, zumunta a ƙafa take.

Malaman makarantunmu na boko da na Islamiyya sun ce a shirye suke su koya wa yara labarin Burmi da Mai Wurno, in fada ta ba su rubutaccen bayanin da za su dogara da shi.

Sunayenmu da sa hannunmu da dangwalen waɗanda ba su rubutu suna cikin takardun da ke haɗe. Tsohuwar da muka ambata ta yarda a kawo adakarta fada a gani, da sharaɗin jikanta ne zai ɗauko ta kuma shi zai mai da ita. Saurayin ma zai zo, in an ba mu rana.

Allah shi ƙara wa Sarki lafiya da nisan kwana.

Wassalamu alaikum.

Mu ne talakawanka,
jama'ar unguwannin Wurno da ƙauyukan kewaye.