Sanarwa: Taron Ɗibar Ƙasar Lambuna Domin Gwaji

Assalamu alaikum ƴan'uwa masu lambu a cikin gari. Muna sanar da ku cewa ranar Asabar mai zuwa, da ƙarfe 10 na safe, za mu haɗu a wurin da muka saba tare da masu binciken jami'a da muke aiki da su, domin karɓar samfurin ƙasar lambunanmu.

Dalilin taron shi ne, ƙasar cikin gari takan ɗauke da gubar dalma daga tsohon fenti da hayaƙin motoci, kuma wannan guba ba ta ruɓewa, tana zama a saman ƙasa shekara da shekaru, yara ƙanana kuma su ne suka fi cutuwa da ita.

Ana roƙon kowa ya ɗebi ƙasa daga wurare 5 a lambunsa, zurfin santimita 15, ya haɗa a bokitin roba mai tsabta, ya shanya a inuwa, sannan ya ƙunso kamar rabin kilo a leda, ya rubuta sunansa da irin ruwan da yake ban ruwa da shi. Wannan bayanin ruwa yana da muhimmanci ƙwarai, don Allah kada a manta da shi.

Kowa zai karɓi sakamakon lambunsa, kuma tare za mu tattauna matakin gyara. Allah Ya ba da ikon halarta. Mun gode.